Mijin Yayata da Na'urar Auna Ƙara

Mijin yayata bai taɓa jin an ambaci matsala ya bar ta ta wuce salin-alin ba. Famfo ne ke ɗiga, ko wayar wani ta ƙi caji, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, kafin mai magana ya kai ƙarshen zancensa zai dafa faffaɗan ƙirjinsa ya ce, "Ku bar ni da shi." Daga nan aka laƙaba masa Barni, har sunansa na gaskiya ya ɓace a layinmu. Shi kuwa da fara'a yake amsawa, don a ganinsa lambar yabo aka ba shi. Mutum ne ƙato, in ya shigo ɗaki sai haske ya ragu, kuma muryarsa ta fi jikinsa girma. Ni ce autar gidanmu, ni kaɗai nake gaya masa gaskiya a gaban mutane ya bar ta a wasa. Famfon da aka bar shi da shi, har yau akwai bokiti a ƙarƙashinsa.

Babanmu kafinta ne. Ni nake ɗinka rigunan kujerun da yake yi, keken ɗinkina na nan bakin ƙofar shagon. Can ƙurya kuma akwai injin tsaga katako, wanda ya girmi auren Yaya. Shekara biyar ke nan kafaɗar Baba ta dama ta daina ɗaukar zarton hannu, saboda haka injin nan shi ne hannunsa. Duk wanda ya tsayar da injin ya zaunar da Baba a gida, kuma Baba in ya wuni bai ji ƙanshin katako ba, ko abinci ba ya iya ci.

Bayan shagon a buɗe yake, don a riƙa zuro dogayen katako. Daga nan sai wani siririn lungu, sai wani gida da ya daɗe ba kowa, har wata nas da ta yi ritaya ta tare a ciki. 'Yar ƙaramar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, kowa Nas yake ce mata. Da safe tsofaffin layin kan je ta auna musu jini ta saurari ƙirjinsu, tagarta kuwa tana kallon injin Baba ido da ido. Sau biyu ta zo cikin mutunci. Ta ce ta ɗora abin sauraro a ƙirjin wani dattijo, maimakon bugun zuciya sai ta ji ana tsaga katako. Baba ya ba ta haƙuri ya ce zai san abin yi. Baba mutumin kirki ne, amma "zan san abin yi" ɗinsa kan kai shekara. A karo na uku ba ita ta zo ba, takarda ce daga ofishin kula da muhalli. Nan da kwana goma sha huɗu jami'i zai zo ya auna ƙarar injin a bakin tagar Nas. In ta wuce desibel saba'in a ma'aunin ƙara, za a sa wa injin kwaɗo.

Ranar Baba bai yi gardama ba. Ya ɗauki guduma ya fara toshe bayan shagon da bango na katako biyu-biyu, ni kuma ina cusa guntayen soso da dusar katako a tsakani. Cikin kwana huɗu mun gama dama da hagu, saura tsakiya, wata kafa mai faɗin ƙofa. Har Baba ya yanka katakon da zai rufe ta ya jingine. Sai ga Barni.

Ya karanta takardar da ƙarfi sau biyu, kai ka ce shi ya rubuta ta. Sannan ya girgiza kai ya ce abin kunya ne a ce dattijo kamar Baba yana zufa yana kafa bango alhali ko lambar ƙarar ba a sani ba, ai wannan ɗinki ne ba awo. Ya ce zamanin kimiyya ake ciki, akwai na'urar da ke auna ƙara, shi kuma tun yana makaranta malamai suka lura kunnensa daban yake. Zai auna, ya rubuta rahoto, ya buga masa hatimi, jami'i ma in ya zo sai dai ya gaisa ya koma. Ya dafa ƙirji. Ba sai na faɗi abin da ya ce ba.

Baba yana jin nauyin surukinsa, bai taɓa ce masa a'a ba. Ya ajiye guduma. Yaya kuwa da ta ji labari ta ja ni gefe ta ce, "Auta, don Allah ki bi shi wurin sayen abin nan. Kin san halinsa."

Shagon na'urorin ƙarami ne, cike da akwatunan gilas. Mai shagon mace ce mai tabarau, irin mutanen da ba sa gaggawa. Barni ya shiga ya ce a ba shi na'urar auna ƙara mafi kyau, shi ƙwararre ne. Ta dube shi ta saman tabarau ta yi masa tambaya ɗaya: awon na sanin hali ne kawai, ko kuwa magana ce da za ta je ofis?

Ya ce duk ɗaya ne. Ta ce ba ɗaya ba ne, ta fito da na'ura biyu ta jera. Ta ce na'urorin aji biyu ne. Mai aji na ɗaya kuskurenta kaɗan ne ƙwarai, tana zuwa da takardar shaidar an gwada ta, da wani ɗan gwangwani da ake kifa mata a baki a saita ta kafin kowane awo. Ita ake ɗauka in ana jayayya, ko in lambar tana kusa da iyakar da aka gindaya. Irin wannan haya take bayarwa, a yi aiki yau a dawo da ita gobe. Mai aji na biyu kuma na'ura ce ta gaskiya, ba ta da laifi, ta isa mutum ya zaga ma'aikata ya san inda ya kamata a toshe kunne. Sai dai tana iya kaucewa da lamba ɗaya ko biyu, kuma in ƙarar mai tsini ce irin ta zarto, kaucewar kan fi haka. In lambarka tana nesa da iyaka, aji na biyu ya ishe ka. In tana bakin iyaka, kada ka jingina da ita.

Ni na ji komai. Barni kuwa tun daga rabin bayanin idonsa ya liƙe a kan mai aji na biyu, don tana da fitilu uku, kore da rawaya da ja, ga igiyar ratayawa a wuya. Ɗayar toka-toka ce, ba ta da ado ko kaɗan, kuma ta haya ce.

"Ni mutum ne mai riƙe kayan aikinsa," in ji shi. "Ba a san ni da aro ba."

Na tuna masa tsanin Baba da ke gidansa shekara uku. Ya ce wannan ajiya ce. Na ce maganarmu ta ofis ce, kuma iyakarmu saba'in ce cif, mu karɓi ta hayar. Ya ce lamba ɗaya ko biyu ai kunnensa zai cike. Mai shagon ba ta ja zance ba. Ta miƙa masa wata 'yar hular soso ta ce ya sa wa bakin na'urar, kada ya cire ta inda iska ke kaɗawa, in ba haka ba iskar za ta auna a matsayin ƙara. Muna fita ya zare hular ya ce tana rage wa na'urar kwarjini, ya ba ni in riƙa soka allurai.

Na ɗauka daga nan injin Baba za mu nufa. Ina. Barni ya ce dole ya fara sanin yanayin layin gaba ɗaya, haka masana ke yi. Ya rataya na'ura a wuya ya fara da shagon mai aski. Ya tsaya daidai gaban fanka, iska ta daki bakin na'urar, jar fitila ta kama. Nan take ya sanar da cewa shagon haɗari ne ga kunnen ɗan Adam, wanda duk ya yi minti goma a ciki zai fita da kurumta. Wani bawan Allah da ake yi wa aski ya miƙe da rabin kai ya fice, mai aski ya bi shi da tawul yana rantsuwa. Da ya dawo ya gaya wa Barni cewa in ya ƙara tako ƙofarsa, da almakashi zai auna masa kunnen nan da malamai suka yaba.

Washegari sai wurin mai faci. Ana ba wata tsohuwar taya iska, Barni ya durƙusa ya kai na'urar dab da ita yana yi wa masu kallo bayani. Tayar ta fashe. Barni ya yi baya ya zauna dirshan a cikin bahon ruwan da ake gwada tiyub, na'urar ta yi nitso ta fito. Ya girgiza ta, ya hura mata iska, fitilu suka dawo, ya ɗaga ta sama ya ce kowa ya ga ingancin kaya. Mai faci ya ce shi dai bahonsa ya lotse.

A gida ma bai bar Yaya ba. Tana yi masa faɗan jiƙaƙƙen wando da ya zauna da shi a kan kujera, sai ya ɗaga na'urar a hankali ya kai kusa da bakinta ya ce, "Tamanin da biyu." Ta ce ya maimaita. Ya maimaita, har ya ƙara da cewa ta wuce iyakar ofis da goma sha biyu. Ranar a shagonmu ya ci abincin rana, daga kwanon Baba.

Bai daddara ba. Ya samo alli ya rubuta sakamakon layin a jikin ƙofar shagonmu, daga mafi ƙara zuwa ƙasa. Mai aski na sama, Yaya na biye, sai zakaran wata maƙwabciya, sai tarin da mai kanti ke yi. Maƙwabciyar ta zo ta ce a goge mata zakara ko ta goge da kanta. Mai kanti ya daina gaishe mu. Kafin mako ya cika, da an hango shi tafe da igiya a wuya sai kowa ya koma raɗa. Ya zo ya same ni a kan keke yana murmushi ya ce in saurara, tun kafin ya rubuta rahoto layin ya yi tsit. Na ce ai gulmarsa ake yi. Ya ce ko ma mene ne, ƙasa da hamsin ake yin ta.

Sai a kwana na goma sha ɗaya ya tuna da injin Baba, shi ma don na tsare shi na ce in bai auna yau ba zan koma wurin mai tabarau da kaina. Muka zaga lungun. Ya tsaya a bakin tagar Nas, Baba ya kunna inji ya tura katako. Na'urar ta nuna sittin da tara. Aka sake, sittin da takwas. Aka sake, sittin da tara. Barni ya ɗaga hannu biyu ya ce magana ta ƙare, a sanar da ofis kada su ɓata man mota.

Nas ta leƙo ta tagar, ta gaishe shi, ta tambaye shi na'urar aji nawa ce. Ya ce ajin da ya dace. Ta miƙo hannu ta juya bayan na'urar ta karanta.

"Malam, shekara talatin ina awo," ta ce. "In lamba ta zauna a bakin iyaka, ba ma sallamar mara lafiya. Mukan ɗauko ma'aunin da ya fi mu sake."

Ya ce wannan a asibiti ke nan, ƙara kuma fanninsa ne. Ta ce ita ba ta son a rufe injin dattijo, so take ta ji zuciyar mutane kawai, gara a ƙarasa bangon. Na sa baki na ce haka mai shago ta faɗa, tsakanin sittin da tara da saba'in lamba ɗaya ce tak, na'urarsa kuwa tana iya kaucewa da biyu. Ya dube ni, ya dubi Nas, ya ce dama ya lura matan layin nan sun haɗe masa kai tun daga kan zakara.

Ya koma wurin Baba ya ce kada ya kuskura ya rufe kafar nan. Ta ina dogon katako zai shigo? Ta ina iska za ta shiga? Ga lamba ta fito a fili. Baba dama kafar tana yi masa amfani, kuma yana son ya yarda, sai ya yarda. Katakon da aka yanka don rufe ta kuwa, Barni ya roƙa aka ba shi. Kafin la'asar ya mayar da shi allo da benci. A allon ya rubuta da jan fenti cewa nan ne ofishin awon ƙara, bencin kuma na masu jiran layi ne. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma ba Barni kaɗai nake jin haushi ba, har da Baba. Na yi masa magana, ya ce in bar shi, ba a kunyata suruki. Kwana ukun da suka rage kafar nan ta zauna a buɗe.

Ranar awo Barni ya gayyaci layi kaf. Ya jera benci a lungu, ya sa rigarsa mafi girma wadda ni na ɗinka ta kuma na san yadin da ta ci, ya rataya na'ura a kai. Mai aski ya rufe shago ya zo, mai faci ya zo, mai zakara ta zo da kujerarta. Ba don ƙaunarsa suka zo ba. Yaya ta tsaya kusa da ni ta harɗe hannu.

Jami'in ya iso da hantsi, siririn mutum mai sanyin hali, riƙe da baƙar jaka. Barni ya tare shi tun daga bakin lungu, ya kira shi abokin aiki, ya miƙa masa rahoto shafi huɗu mai hatimi uku. Jami'in ya karanta har ƙarshe, abin da ya ba ni mamaki. Sannan ya nemi ganin na'urar. Ya juya bayanta, ya ce aji na biyu ce, ya tambayi takardar shaidar gwajinta. Barni ya laluba aljihu ya miƙa masa rasit.

Jami'in ya ce na'ura ce mai kyau a wurin aikinta, amma ba zai iya sa wannan rahoto a fayil ba, don lambar tana bakin iyaka kuma ana jayayya. Ya buɗe jaka ya fito da tasa, toka-toka, irin wadda muka baro a shagon mai tabarau. Ya ɗauko ɗan gwangwanin nan ya ce wannan yana fitar da ƙara ta casa'in da huɗu daidai, ba ƙari ba ragi. Ya kifa wa tasa, ta nuna casa'in da huɗu. Barni ya ce a gwada tasa ma kowa ya shaida. Aka kifa. Ta nuna casa'in da biyu.

Jama'a suka shiga lissafi. Mai aski ne ya fara gamawa, ya ce ashe ke nan matar gidan tamanin da huɗu ce. Dariya ta ɓarke. Yaya ba ta yi ba, ta dai kalli mijinta kallon da ya sa ya gyara wuyan riga. Jami'in ya tambaya ko na'urar ta taɓa faɗuwa ko shiga ruwa. Barni ya ce sam. Mai faci ya ce bahonsa na nan a lotse ga mai son gani.

Aka kafa na'urar jami'in a kan sanda mai ƙafa uku a bakin tagar Nas, da hular sosonta a kai. Baba ya kunna inji. Barni ya matso yana bayyana wa jami'in cewa iskar yau ta bambanta da ta ranar da ya auna, lamba ta yi tsalle zuwa tamanin. Jami'in ya ɗaga hannu aka kashe inji, ya roƙi a yi shiru. Aka sake. Barni ya tuna wani abu game da malamansa na makaranta. Aka sake kashewa. A karo na uku jami'in ya ce masa cikin ladabi injin aka turo shi ya auna, amma in ana so ya auna mutum, sai a rubuto wata takardar. Yaya ta kamo hannun rigar mijinta ta ja shi baya.

Baba ya tura katako. Lambar ta hau, ta sauka, ta zauna. Saba'in da ɗaya. Aka sake da wani katakon. Saba'in da ɗaya.

Jami'in ya rubuta, ya ce ya yi haƙuri, ya sa hannu a jaka ya fito da kwaɗo. Ta kafar bangon ina hango Baba. Ya shafa gefen injin da tafin hannunsa, ya ɗauko wani katakon ƙarshe ya ce a bar shi ya tsaga wannan, na ƙafar kujerar da ya yi alkawari ne. Jami'in ya ce ya tsaga. Ni dai hawaye ya cika min ido, don na san daga gobe Baba zai zauna a tsakar gida yana kallon hannunsa, a kan lamba ɗaya da muna da katakon rufe ta.

Jami'in ya nufi kafar da kwaɗo a hannu. Ban san ko kunya ce ta tunzura Barni ko son a gan shi ba, wataƙila duka biyun. Ya fizge daga hannun Yaya, ya riga jami'in isa, ya juyo ya tsaya a cikin kafar, ya ware hannu, babbar rigar ta baje daga wannan katako zuwa wancan. Ya cika kafar tam. Ya ja numfashi zai fara jawabi, a bayansa zarto na cin katako.

Nas na nan a tagarta, na'urar a ƙarƙashin haɓarta. Da 'yar muryar nan tata ta ce, "Malam jami'i, zo ka dubi lambarka."

Ya dawo ya duba. Sittin da tara.

Barni ya ce sai dai a bi ta kansa, shi ba za a taɓa injin surukinsa yana raye ba. Lamba ta haura zuwa saba'in da takwas.

"Rufe bakinka," in ji Yaya.

Ya rufe. Sittin da tara.

Jami'in ya sa aka ba Baba wani katakon. Ya ce wa Barni ya ɗan fito. Saba'in da ɗaya. Ya ce ya koma. Sittin da tara. Fito. Koma. Sau huɗu ana yi, mutumin da ya gayyaci layi su ga gwanintarsa yana shiga yana fita kamar marfin tukunya. Mai aski ya kwanta a kan bencin ofishin awon ƙara yana riƙe ciki. Mai zakara ta ce ita yau ta yafe. Har jami'in sai da ya juya baya ya yi tari.

Da ya natsu ya ce mutum ba bango ba ne, ba zai rubuta suruki a fayil ba. Amma ya gani da idonsa cewa in aka rufe kafar nan magana ta ƙare. Ya mayar da kwaɗo jaka ya ba mu kwana uku. Baba ya yi godiya, sannan ya ce akwai matsala ɗaya: katakon rufewar ya zama allo da benci, sai an tsaga sabo, kuma da injin ake tsagawa, ga aikin mutane na jira. Jami'in ya dubi Nas. Nas ta ce ita ba ta da matsala a kunna inji a kwana ukun nan, muddin Barni zai tsaya inda yake tsaye yanzu, da wannan rigar, bakinsa a rufe. Jami'in ya ce wannan tsakaninmu ne na maƙwabta. Yaya ta ce ta amince a madadinsa.

Bangon ya ƙaru a kan lokaci. Da jami'in ya dawo, na'urarsa ta nuna sittin da huɗu, Nas ta ci gaba da jin zuciyar tsofaffi, Baba ya ci gaba da shaƙar katakonsa. Na'urar Barni ma na kai wa mai tabarau ta busar da ita ta saita, na cire alluraina na mayar mata da hularta. Tana rataye kusa da injin, in jar fitila ta kama Baba ya san lokacin toshe kunne ya yi. Mai tabarau ta ce dama aikin irin wannan na'urar ke nan.

Amma abin da layinmu ya riƙe shi ne safiyar farko ta kwana ukun. Barni ya iso a makare, Yaya na biye da shi da rigar a ninke. Har an jera benci ba wanda ya gayyata. Ya sa rigar, ya dubi kafar, ya dubi jama'a, sai na ga ƙirjin ya fara tasowa. Ya ce wa Baba ya kwana yana nazari, akwai wata dabara ta kimiyya da za a rufe kafar nan ba tare da katako ba. Hannunsa ya tafi ƙirji.

"Baba, ku bar ni da..."

Baba, wanda shekara goma sha biyu bai taɓa katse surukinsa ba, ya ɗora yatsa a kan makunnin inji, ya nuna masa kafar da haɓa.

"Mun bar ka da ita, ɗana," ya ce. "Shiga ka tsaya."